Bosomtwe ko Yeji: inda mai fatsa daga Kumasi zai nufa, da yadda zai gane abin da ya kama

Mazaunin Aboabo ko Asawase a Kumasi da ke son kama kifin suya da hannunsa, irin wanda ke shiga kasko ɗungurungum da kai da wutsiya, ruwa biyu ne a gabansa. Akwai tafkin Bosomtwe a nan kusa, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da gari, ta titin Atonsu zuwa Kuntanase, sannan a gangara Abono. Akwai kuma tafkin Volta, wanda mutanen zango suka fi sani ta Yeji, tafiyar sama da kilomita 200 ta Mampong, Ejura da Atebubu. Barekese da Owabi sun fi kusa, amma madatsun ruwan famfon Kumasi ne, Owabi ma gandun namun daji ne, ba wuraren da mutum zai tsuguna da gorarsa ba tare da izini ba.

Masu zuwa karon farko nisa da kuɗin mota suke dubawa. Abin da ya fi kamata a duba shi ne bakin kifin da ke cikin ruwan, domin ba kowace karfasa ke cin ƙugiya ba. Akwai wadda za ta yini tana zagaya tanarka ba ta taɓa ba, ba don wayo ba, don dai tana ba cimarta ba ce. A taƙaice: mai koyo, mai yini ɗaya, ko mai tafiya da yara, Bosomtwe ya fi masa. Wanda yake son nauyi a buhu da kifi iri-iri, kuma zai iya kwana biyu, Yeji. Dalilan suna cikin ruwan kansa.

Abin da kowane ruwa yake

Bosomtwe ba kogi ne ya cika shi ba. Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa rami, ruwan sama da 'yan ƙoramu suka taru a ciki. Faɗinsa kusan kilomita 8 ne, zurfin tsakiyarsa ya kusa mita 80, tuddai sun kewaye shi kamar bakin akushi, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Kifin manyan koguna ba shi da ƙofar shiga, shi ya sa ire-iren kifin tafkin ba su wuce goma sha wani abu ba, huɗu kawai ake sana'a da su, dukkansu dangin karfasa. Babu giwan ruwa, babu tsage, babu kurungu.

Ga wani abu da ke ɓata wa baƙi rana. A yawancin shekara ruwan ƙasa ba ya gauraya da na sama, don haka can cikin zurfi babu iskar da kifi zai shaƙa. Wanda ya ɗaura dalma mai nauyi ya wurga nesa wai yana neman manyan da ke ƙasa, tanarsa a kan laka kawai take kwana. Kifin Bosomtwe a saman ruwa yake da kuma gefe, wajen ciyayi, duwatsu da rassan da suka faɗa. Wani lokaci kuma, idan sanyi ya shigo wajen Agusta ko tsakiyar hunturu, ruwan sama kan yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifi ya fito yana haki ko ya mutu. Mutanen bakin tafkin tun da can suna cewa Bosomtwe ya harba albarushi. Ruwa ba ya tsami banza: in ka isa ka ji wannan warin, ranar ba ta fatsa ba ce, kuma mataccen kifin da ba ka san sa'ar mutuwarsa ba, bar wa tsuntsaye.

Tafkin yana da alfarma a al'adar Asante. Masuntan ƙauyukan da ke kewaye da shi, sama da ashirin, har yau a kan wani falalen katako suke hawa, padua suke ce masa, suna tuƙi da hannu. A da ba a yarda ƙarfe ya taɓa ruwan ba, har ƙugiya. Yanzu abin ya sassauta, har jirage masu inji na yawo da masu buɗe ido, kuma tun 2016 UNESCO ta sa wurin cikin yankunan da ake kiyaye halittunsu. Duk da haka baƙo ya fara gaida masu wurin, ya tambayi inda zai zauna, ya kuma nisanci tarkuna da kallin da aka kafa. Wannan gaisuwar ba ɓata lokaci ba ce, sau da yawa ita ke nuna maka gindin reshen da kifi ke kwana. A guji Abono ranar hutun gwamnati, kiɗa da masu wanka sun kori komai.

Volta kuwa ɗan adam ne ya yi shi. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye daji da ƙauyuka, ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, kuma ba a sare itatuwan ba. Suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa. Su ne arziƙin tafkin, don jikinsu ke tara gansakuka da ƙwarin da kifi ke ci, su ne kuma masifarsa, don su ke cinye ƙugiya, su yaga kalli, su fasa jirgi. Kifin da ke ciki ya haura iri 100. Ruwan yana hawa daga wajen Agusta, ya kai ƙololuwa a Oktoba ko Nuwamba, sannan ya yi ta janyewa har Yuni ko Yuli, kuma bambancin mitoci ne, ba taku ɗaya ko biyu ba. Inda aka kama kifi a Nuwamba, a Mayu gonar wani ce. Harshe kuma ba zai zama matsala ba: Yeji tsohuwar mashiga ce a hanyar Salaga, Hausa na ci a kasuwa da bakin ruwa.

Duba wutsiya, duba baki, ɗaga kunne

Mu Hausawa karfasa ko gargaza muke ce wa dangin gaba ɗaya, a Twi kuma ƙananan na Bosomtwe apatre ne. Sunan ɗaya, halin daban. Kafin a rarrabe, ga alamar dangin duka: ƙofar hanci ɗaya a kowane gefe, layin da ke bin haƙarƙari a karye yake gida biyu, na sama ya tsaya wajen ƙarshen fiffiken baya, na ƙasa ya ɗauka zuwa wutsiya, kuma fiffiken baya gabansa ƙaya ce, bayansa taushi. Masu kallon bidiyon Amurkawa a YouTube su lura, kifayen da suke kira bluegill da crappie na Arewacin Amurka ne, babu su a ruwan Ghana. Siffar ta yi kama, dangin ba ɗaya ba, kuma dabarar da ke kama su ba lallai ta kama karfasa ba.

Karfasar Nilu, wadda masana ke kira Oreochromis niloticus, ita ce ta gashin banku. Alamarta ba ta ɓuya: buɗe wutsiyar a rana, za ka ga siraran layuka baƙaƙe a tsaye, a jere daga gindi har baki. Babu wata karfasa a waɗannan ruwaye mai wannan zane haka tsaf. Tana girma sosai, ta wuce kilo a Volta. In ta girma, gansakuka da ƙananan halittun ruwa take ci, amma tana karɓar tana da ƙullu, musamman inda aka saba zuba mata dusa. Macen ce ke riƙe ƙwai a baki.

Farar karfasa, Sarotherodon galilaeus, ita ce mai sa mutum ya zargi ƙugiyarsa. Jikinta fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, faffaɗa daga baya zuwa ciki, wutsiya babu waɗancan layukan, bakin kuma ɗan mitsitsi. Tace ruwa take yi, tana tsince abin da ido ba ya gani. Irin da ke Bosomtwe yana da ratsi-ratsi a tsaye a jiki, kuma yana cikin waɗanda suka fi yawa a kwandon masunta. To ka ga matsalar: abin da ka gani tuli a tiren mai suya a Abono, mafi yawansa birgi, kalli da tarkon waya suka kawo shi. Mai fatsa zai ga garkenta na wucewa a ƙarƙashin gorarsa, in ya kama ɗaya ma sa'a ce.

Mai jan ciki, Coptodon zillii, ita ce ƙawar mai ƙugiya a Volta. Maƙogwaro da ciki ja, musamman lokacin ƙwai, jiki ruwan ganye mai duhu da ratsi, leɓe mai kauri, sannan akwai baƙin ɗigo a sashen taushi na fiffiken baya. Ciyawar ruwa take ci, da ƙwari da tana, kuma tana cafka ba tare da dogon shawara ba. Ba ta riƙe ƙwai a baki, rami take share a ƙasa kusa da gaɓa, mace da namiji su yi gadi. A Bosomtwe 'yan uwanta biyu ke wannan matsayi: busumana, wadda ba a samunta sai a tafkin da wasu koguna na kudu maso yammacin Ghana da makwabtansu, da discolor mai duhun jiki. Dukkansu ba sa girma sosai, tafin hannu ya yi yawa ma ga mafi yawansu yanzu saboda yawan su da ake yi.

In launi ya rikita ka, kamar yadda yake yi idan kifi ya jima da mutuwa ya koɗe, ɗaga murfin kunne. A gaban jan naman da kifi ke numfashi da shi akwai 'yan tsinkaye a jere kamar haƙoran mataji. Ƙirga na ƙasan ƙashin farko. In sun kai 20 ko fiye, siraru a matse, mai tace ruwa ce, wato ta Nilu ko fara. In 8 zuwa 12 ne, gajeru a warwatse, mai jan ciki ce ko danginta. Wannan ƙirgar ba ta masana kaɗai ba ce. Sayi kifi biyu a bakin ruwa kafin ka warware zare, duba kunnensu, za ka san ko abin da ke yawo a wurin mai cin ƙugiya ne.

Sai mai ɗigo biyar, Hemichromis fasciatus, ɗan ta'addan gefen ruwa. Siriri ne, baki babba mai ɗan tasowa, baƙaƙen tabo biyar a jere a haƙarƙari, yana yin ja idan yana gadi. 'Ya'yan kifi yake ci. Akwai shi a ruwan biyu, na Bosomtwe ne wasu masana ke kira frempongi, suna ɗaukarsa iri dabam da babu shi ko'ina a duniya sai nan. Shi ne yakan fara faɗa wa ƙugiyar mai koyo. Namansa kaɗan ne, amma ya soyu ƙayau.

Daga nan sauran na Volta ne. Kawara mai farin ɓawo manya-manya da jar wutsiya, da tabo a bayan kunne da gindin wutsiya, tana yawo garke-garke a sama, tana cin fara, gina da burodi. Tsage ya yi kama da ita daga nesa, amma haƙoransa a waje suke kamar ƙusa, ko ƙarami ne kada ka sa masa yatsa.

Masu gashin baki kuma ana gane su ta baya da wutsiya. Tarwada fiffikenta na baya dogo ne tun daga kafaɗa har wutsiya, babu ƙaya a cikinsa, wutsiyar a zagaye, kai a baje. Ramboshi kamar ita yake, sai dai rabin bayansa tsoka ce mai kitse maimakon fiffike. Warushe jikinsa na sheƙi kamar azurfa, ido babba, wutsiya a rabe biyu, da ɗan guntun tsoka kusa da wutsiya. Kurungu gajere ne mai kauri, baki a ƙasa, gashin haɓarsa na da rassa, kuma yana ƙara idan an fito da shi. Warushe da kurungu suna da ƙaya uku masu haƙora, ɗaya a baya biyu a gefe, kuma kurungu na kulle nasa a miƙe. A riƙe shi daga ciki, yatsu a bayan ƙayoyin gefe, a datse su da filaya kafin a jefa shi a buhu. Wanda ya soku ya tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na rabin awa, ya wanke da sabulu, in ya kumbura ko allurar tetanos ɗinsa ta jima ya je asibiti.

Biyu ba a wasa da su. Minjirya, mai taushin jiki kamar tsiran alade, ƙananan ido, babu fiffiken baya sai guntun tsoka can baya: in ka gan ta a ƙugiya yanke zaren, kada ka taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Talibamban mai kumbura ciki da haƙora kamar bakin aku, akwai dafi a jikinsa, wuta ba ta kashe shi, ba ya shiga tukunya.

Kayan aiki: abin da ya isa a nan ba zai isa can ba

A Bosomtwe ƙanƙanta ake nema. Gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, zaren roba mai kaurin milimita 0.18 ko 0.20 daidai tsawon gorar, ƙugiya lamba 12 ko 14. A tuna lambar ƙugiya in ta hau, girmanta raguwa yake. Dalma ɗaya kamar ƙwayar dawa, santimita 15 zuwa 20 sama da ƙugiya. Abin shawagi kuma ɗan totuwa ko guntun tsohon silifa, wanda bai wuce gaɓar yatsa ba, a sa shi yadda ƙugiya za ta tsaya a zurfin santimita 60 zuwa mita 1.

Kurakuran a nan sanannu ne. Ana soka tana guda, kifi ya yi ta tsinke wutsiyarta bai kai ƙarfen ba. Guntun santimita 2 ya isa, ya rufe lanƙwasar, tsinin ya ɗan leƙo. Ana sa abin shawagi babba, ƙaramin kifi ya ja bai nutse ba, mai gora na zaune bai san an cinye ba. Ana fizga da ƙarfi kamar za a ciro guga, leɓen kifin ya yage. Ɗaga wuyan hannu kaɗan ya wadatar. Sannan ruwan gefe garau yake a yawancin lokaci. Kifi na ganinka mai jar koma, balle mai farar jallabiya da ke tsaye inuwarsa na kan ruwa. A zauna, a sa tufa mai duhu, rana ta kasance a gaba ko a gefe.

Kiran kifi yana aiki a ruwan biyu. Gwangwanin madara uku na dusa, ɗaya na garin rogo, rabin gwangwani na dakakken ƙuli-ƙuli, a yayyafa ruwa har ya dunƙulu amma ya wargaje in ya faɗa. A jefa dunƙule biyu kamar ƙwan kaza da farko, sannan ɗaya kamar goro duk minti 15. In an zuba da yawa kifi ya ƙoshi, in an jiƙa da yawa ya nutse a cure bai baza ƙamshi ba. Ƙullun banku da aka murza da ɗan fulawa don ya yi danƙo yana zama a ƙugiya, karfasar Nilu na son sa. Lokaci kuwa ɗaya ne ko'ina: bayan Asuba zuwa ƙarfe 9, sai bayan La'asar zuwa Magariba.

A Yeji wannan gorar za ta kama kawara da mai jan ciki a cikin ciyawar da ruwa ya hau, daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma a lokacin babu abin da ya fi ta. Amma don warushe, kurungu da tarwada sai an kai ƙasa, ƙasan kuma kututture ne. Ana buƙatar zare 0.30 zuwa 0.35, ƙugiya lamba 4 zuwa 8, da sanda mai abin naɗi ko zare a hannu da aka naɗe a gwangwani. Dabarar da ke rage asara ita ce a sa nauyi a ƙarshe, ƙugiya a sama da shi da santimita 30 zuwa 40, kuma a ɗaura nauyin da zare mafi rauni, kamar 0.20. In ya maƙale, shi kaɗai zai tsinke, ƙugiya da kifi su taho. Tunda za a yi ta asararsa, tsohon noti daga wurin makanikai a Suame ya fi dalma araha. Ba a fafe gora ranar tafiya: a tafi da ƙugiya 30 aƙalla, don goma na iya ƙarewa kafin Isha. In zare na dawowa a yanke tsaf babu ƙugiya, tsage ne, sai a sa siririyar waya ta santimita 15 kafin ƙugiyar. Abin sawa a ƙugiya da dare tana ce, hanjin kaza, guntun kawara ko ƙwayar kwakwar manja nunanniya. Da an ji kifi a ɗago shi nan take, in an ba shi taku biyu ya naɗe zaren a reshe, shi ke nan.

Guba da nakiya doka ta hana, kuma masu ruwa ba sa yafe wa wanda suka kama. Akwai kuma abin da doka ba za ta gani ba: karfasar da ka ciro ta tofar da ƙwai ko 'ya'ya daga baki, mayar da ita. Mai gadin rami ma tana cafkar ƙugiya don fushi ne, in ka kwashe uwa da uba, mai ɗigo biyar zai share gidan kafin ka naɗe zarenka.

Haɗarin ba ɗaya ba ne

A nan Bosomtwe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, muddin mutum na kan gaɓa. Ƙasan na gangarawa da sauri a wasu wurare, kuma padua ba abin gwaji ba ne ga wanda bai iya iyo ba.

Volta sai an yi shiri. Jirage na kifewa saboda lodi, kututture da guguwar da ke tasowa ba sallama, musamman daga Maris zuwa Mayu. Kada a shiga jirgi babu rigar kariya, kada a shiga wanda ruwa ya kusa bakinsa, in hadari ya haɗu a gabas a koma gaɓa. Jirgin da ka ga ƙananan yara ne ke nutso suna kwance kalli daga kututture, kada ka ba mai shi kuɗinka. Wannan aikin ya ci rayukan yara da yawa a tafkin.

Sai tsargiya, wadda ta yi katutu a ƙauyukan bakin Volta tun bayan cikar tafkin. Ƙwayar cutar daga wani ƙaramin dodon koɗi take fitowa, wanda ke zama cikin ciyayin gefe, daidai inda mai fatsa ke son tsayawa, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. A sa takalmin roba mai tsawo, kada a tsaya cikin ruwa. Alwala ma a yi ta da ruwan da aka zo da shi a jarka, ko wanda aka tafasa, ko wanda ya kwana biyu a ajiye, don ƙwayar ba ta wuce haka a raye in ba ta sami jiki ba. Wanda ya ga jini a ƙarshen fitsari bayan wasu makonni ya je a gwada shi, maganin praziquantel ne kuma yana aiki. Wannan taka-tsantsan ɗin a riƙe shi a kowane ruwa mai ciyayi da ba ya gudu.

Kawo shi gida

Daga Abono zuwa zango tafiyar awa ɗaya ce ko ɗan fiye, gwargwadon cunkoson Atonsu. A bar kifin da rai cikin kwando ko buhun albasa a ruwa, in za a tashi a buge shi a ka, a fasa ciki, a naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Kifi ba ya buƙatar yanka, amma wanda aka bari ya yi ta birgima a rana har ya mutu namansa saki yake yi. Daga Yeji kuwa awa huɗu ko biyar ne a mota mai zafi, sai da ƙanƙara: kilo ɗaya ga kowane kilo na kifi aƙalla, a fasa ta ƙanana, shimfiɗa ɗaya ƙanƙara ɗaya kifi, a riƙa tsiyaye ruwan da ya narke. Kifin da ya kwanta cikin wannan ruwan ya fi saurin lalacewa. In babu ƙanƙara, a ba masu banda su kyafe tarwada da warushe a can, karfasa kuma a tsaga ta a cika da gishiri, kashi ɗaya ga kashi uku na kifi, ta zama koobi.

Wajen gyara, abu biyu ke ɓata ɗanɗano. Maɗaciya in ta fashe, ɗacin ba ya wankuwa, don haka a tsaga ciki da tsinin wuƙa sama-sama. Baƙar fatar da ke shimfiɗe a cikin karfasa da jinin da ke bin ƙashin baya kuma su ke riƙe warin laka, a kankare su a goge da lemun tsami.

Apatre an fi cin moriyarsa a soye ƙayau har ƙaya ta taunu, da kenke da yaji. A tsane shi sosai, a tsaga jiki sau biyu ko uku, mai ya yi zafin da yankan albasa zai taso nan take yana tafasa, kimanin digiri 175, minti 4 zuwa 5 kowane gefe, kuma kada a cika kasko, don mai zai huce kifin ya sha shi. Kawara ƙananan ƙayoyi ne cike da namanta, sai an yi mata tsaga kusa-kusa, tazarar milimita 3 ko 4, har wuƙa ta taɓa ƙashi, zafin mai ya cinye su. Warushe da kurungu kuwa asararsu ake yi a kasko, miya ce gidansu.

Wanda ƙugiya ta ƙi shi ya tsaya saye a bakin ruwa, ya duba jan kunne, ido garau, da naman da ke dawowa in an danna. A Volta ana kiwon karfasar Nilu a keji, galibi can kudu wajen Akosombo, kuma ita ce ta cika kasuwannin Kumasi. Ta keji kusan girmansu ɗaya a kwano, cikinsu cike da farin kitse, gefen wutsiya sau da yawa a goge. Ta daji girma daban-daban ne, cikin babu kitse sosai, nama ya fi tauri, kuma a kwano ɗaya za ka tarar da mai jan ciki ko fara sun gauraya da ita.